Lissafi Biyun da Malam Bitrus Ya Bari

Ina tsakiyar darasi ranar Talata matar Malam Bitrus, Mama Rahila, ta kira ni daga unguwar Damilu. Cewa kawai ta yi, “Malaminka ya tafi.” Na koma kan allo na ƙarasa abin da nake rubutawa. Har yau ban yi kuka ba, ban kuma san dalili ba.

Malam Bitrus ne ya koya mini lissafi a sakandare a Jimeta, saboda shi na zama malami. Bai taɓa soke amsar ɗalibi ba sai ya bi aikin layi-layi ya gano inda ƙafa ta zame. Yakan ce, “Amsa ba shi da wuya, nuna mini hanya.”

Bayan hawan jini ya kwantar da shi bara, ya shanye masa hannu ɗaya, ya tsorata kada ƙwaƙwalwarsa ta tafi. Sai ya ɗauki lamba miliyan ɗaya da uku, ya ce zai tabbatar da hannunsa cewa ba ta rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kanta. Kowace safiya bayan shayi, rabawa guda: da biyu, da uku, da biyar, da bakwai, haka yake bin ƙananan lambobi marasa rabuwa irinta. Ɗari da sittin da takwas ne a ƙasa da dubu. Ya ce idan ya ƙare su ba wadda ta raba ta, magana ta ƙare, tunda dubu sau dubu miliyan ne.

Na taɓa zaro waya in nuna masa amsar. Ya riƙe mini hannu da hannunsa mai lafiya. “Ajiye. Waya ya sani, amma ni ban sani ba tukuna.”

Da na je gaisuwa, Mama Rahila ta miƙo mini littafin da yake lissafin a ciki. “Ɗana, duba mini. Ya gama? Kullum yana ce saura kaɗan.”

Ya tsaya a 983. Rubutun ya karkace, amma aikin daidai yake. Saura biyu.

Na so in ce mata ya gama, bakina ya ƙi. Na zauna a kujerarsa, masu gaisuwa na shiga suna fita, na raba da 991, ragowa tamanin da huɗu. Na raba da 997, ragowa sha biyu. Lambar ba ta rabuwa. Na ɗago kai in faɗa masa.

Mama Rahila ce tsaye a wurin. Na ce, “Mama, gaskiyarsa ne. Kwana biyu kawai ya rage masa.” Ta karɓi littafin ta rungume, ta shige ɗaki.

Allah ya yi wa Malam jinƙai, ya gafarta kurakuransa, ya ba shi hutawa. Allah ya riƙe Mama Rahila da ’ya’yansu, ya ba su ƙarfin tashi kowace safiya. Amin.