Gwaggo Asabe da Furannin Unguwa

Ku da kuka san Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, kun san ba ta amsa gaisuwa sai ta gama leƙa bayan ɗakin mutum tana neman fure. Duk furen da ya yi ruwan ɗorawa nata ne. Ta tsinke, ta shanya, ta dafa, ta rina zare da kabar faifai. A shekarun nan na kafin mulkin kai galura ta cika kantuna, matan Ƙofar Doka duk sun koma gare ta, amma Gwaggo ta ce ita ba ta rini da abin da ba ta san uwarsa ba.

Da na raka ta asibiti kan ciwon gwiwa, malamin asibiti ya ga tafin hannunta rawaya, ya ce shawara ce, a ba ta gado. Ta miƙa masa hannun ta ce, "Ɗan nan, ina ka taɓa ganin shawarar da ta tsaya a wuyan hannu?"

Maƙwabcinta Malam Iro kuwa ya sha wuya. Ya zo zaure yana ƙorafin kabewarsa ba ta yi ɗa ko ɗaya ba bana. Gwaggo ta amsa daga ciki cewa ita mazan furen kawai take tsinka.

"To matan fa?"

"Takaba suka shiga, Malam. Ni ina ruwana?"

Mijinta, Baba Sule, shi ne waliyyi a wani ɗaurin aure a Tukur-Tukur. Ya roƙe ta ta bar masa rawaninsa fari, ta ƙi, ta tsoma shi a tukunya. Ana cikin fatiha ruwa ya sauko. Bawan Allah ya dawo da gemu kamar an tsoma shi a manja, ransa a ɓace, dangin ango sun sha dariya. Gwaggo ta duba shi da kyau ta ce, "Ashe a gemu ya fi kamawa. Da na sani da shi na fara." Kwanaki ya yi yana sallah a ɗaki!

A ciwonta na ƙarshe ta tambaye ni ko an ƙone daji a Kufena, don sai bayan wuta furen rawaya ke fitowa. Na ce an ƙone. Ta ce, "Sun fito ke nan, ba mai tsinka."

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sanyaya makwancinta, ya sa ta a lambun da furensa ba ya bushewa. Amin.