Turmin Ya Falmata

Tun ranar da yayana Habu ya kira ni daga Kano ya ce in tattara iyalina in koma can mu riƙe shagon yadi tare, natsuwa ta bar ni. Ya ce ba matsa mini yake yi ba, amma yana son amsa kafin Babbar Sallah, domin akwai wanda ke jiran gurbin. Sai na wayi gari ina cin abinci ina tunani, ina koyar da yara ina tunani, har a cikin sallah, Allah ya yafe mini, nakan tsinci zuciyata a hanyar Damaturu, ta nufi Kano. A cikin wannan kai-komo ne kakata ta riƙa faɗo mini a rai, ita da wata tatsuniya da ta fi son yi mana.

Kaka Dije, Allah ya jiƙanta, ita ta haifi babana. A unguwar Gamboru ta Maiduguri muka tashi, a wani gida mai zaure ɗaya da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Sana'arta haɗa turaren wuta, wadda ta koya wurin wata maƙwabciyarta 'yar Shuwa. Mijinta, Malam Garba, shi ke da zaure. A wurinsa muka yi karatun allo, a wurinsa kuma na koyi rubutun ajami tun kafin in san akwai wani abu wai shi boko. Da an idar da magariba sai mu shigo cikin gida, yatsunmu baƙi ƙirin da tawada, mu tarar Kaka ta shimfiɗa tabarma ta ajiye kasko a gabanta, babu wuta a ciki.

Tana da ashana a cikin kwandonta, kowa ya sani. Amma ba ta taɓa kunna kaskon nan da ita ba. Sai ta miƙa wa ɗayanmu wani tsohon murfin kwano ta ce a je maƙwabta a ɗebo mata garwashi, a kuma gaishe su. Idan muka yi gunaguni sai ta ce ai gobe su ma za su aiko, kuma ta nan ne ake sanin wanda ya kwana lafiya da wanda bai kwana ba. In wuta ta zo sai ta barbaɗa sabon haɗi don ta ji ko sukari ya yi yawa. Hayaƙin sandal da kajiji ya tashi, ya kori sauro, ya kama mana tufafi. Sannan ta ƙwanƙwasa gefen kasko da cokali ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa, daga nesa take." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo ta sha ruwa."

Tatsuniyar ta wani mutum ce mai suna Tanko, wanda ya sassaƙa ƙyaure mai kyau da itacen ƙirya, ya kuma rantse ba zai kafa shi ba sai a garin da ba shi da aibi. Ya ɗora ƙyauren a ka ya kama hanya, matarsa na biye da goyo.

Suka fara isa wani ƙauye. Mutanen kirki ne, tun kafin su zauna an kawo musu fura. Amma Tanko bai gama sha ba ya ga wata tsohuwa ta kwance ƙullin kayan matarsa tana duba abin da ke ciki, tana faɗa wa sauran mata. Gidajen garin babu ƙyaure ko ɗaya, sai asabari. Ya ce wannan wuri ba zai san darajar ƙyaurensa ba. Suka wuce, suka isa wani babban birni mai ganuwa. Nan kuwa ya yini tsaye a bakin kasuwa da ƙyaure a ka, babu wanda ya ce masa sannu, sai wani da ya ce ya matsa ya tare hanya. Aka fito da gawa daga wani gida, Tanko ya tambayi mai shagon da ke jikin gidan wane ne ya rasu, mai shago ya ce bai san sunansa ba. Tanko ya ce a nan ko ya kafa ƙyauren babu mai ƙwanƙwasa shi.

Daga nan sai suka zo wani gari wanda ba ƙauye ba ne, bai kuma kai birni ba. Akwai kasuwa, amma kafin la'asar ta watse. Mutanen suna sallama, amma kafin ka amsa sun riga sun shigo. Tanko ya tsaya a gindin wata bishiya a bakin gari ya fara aunawa. Ruwan garin da ɗan zartsi, amma hatsi na da auki. Rana na da zafi, amma duk mai inuwa yana matsa wa baƙo. Ya yi ta aunawa, ƙyaure na danne shi. A nan Kaka takan nutsar da wuyanta cikin kafaɗu, ta zaro idanu, mu yi ta birgima don dariya.

Ita kuwa matar, yaro na kukan yunwa, sai ta shiga gida mafi kusa ta roƙi garwashi ta dama kunu. Kashegari wutar mutanen gidan ta mutu, suka zo suka ɗiba a tata. Ta ari rariya, aka ari faifanta. Da Tanko ya gaji ya ce ta tashi su tafi, sai ta ce a bari tukuna, faifanta na gidan wance, rariyar wance na hannunta, kuma akwai mai ciki a maƙwabta da ta yi wa alkawarin dafa ruwan wanka. Kafin wannan ya dawo wancan ya fita.

Daidai nan mukan ji tari daga zaure. Kakanmu ya ɗaga murya ya ce, "Dije, ba haka aka yi ba. Damina ce ta tsare mu."

Kaka ta ce, "Malam, wa ya ambaci sunanka? Tanko na ce."

Sai da na girma na gane abin da ke tsakaninsu. Daga Kano suka taso suna sababbin aure, da niyyar zuwa Makka a ƙafa ta hanyar gabas, kamar yadda mutane da yawa suka yi a zamaninsu. Suka yada zango a Yerwa, wato Maiduguri, don ruwa ya ɗauke. A nan aka haifi babana, a nan aka binne su duka biyu. Har ya tsufa Malam Garba yana cewa su matafiya ne.

Ƙarshen tatsuniyar ba ɗaya ba ne. Wata rana Tanko ya sauke ƙyauren don ya sosa kai, ya kasa sake ɗauka. Wata rana kuma yana nan tsaye har kurciyoyi suka yi sheƙa a kai. Na taɓa tambayarta, shin garin mai kyau ne ko maras kyau? Ta dube ni ta ce, "Maigidana, kai da ko mazagin wando ba ka iya ɗaurewa, kai ne za ka auna gari? Miƙo mini kajiji." Daga nan aka kira isha'i, ta ce baƙuwa ta sha ruwa ta wuce, kowa ya tashi ya yi alwala.

Yanzu ina zaune a Umarari da matata Zainabu da 'ya'yanmu. Ina koyar da Larabci a makarantar firamare, da yamma kuma ina islamiyya. Da maganar Habu ta zo, sai na kama aunawa ni ma, kuma ban ga abin dariya a ciki ba.

Abin da zai kori mutum daga Maiduguri ba ɓoyayye ba ne. Zafin bazara kan sa ƙaramin ɗana ya kwana yana kuka da ƙuraje a wuya, wutar lantarki kuwa sai ta ga dama. Mun ga shekarun da ake rufe ƙofa tun rana ba ta faɗi ba, ana kasa kunne. Mun ga ruwa ya shiga gari, ya shiga tsohon gidanmu na Gamboru har ya wuce tagogi, kuma tun daga lokacin duk hadarin da ya haɗu sai gaban Zainabu ya faɗi. Ina kallon ɗalibaina da suka gama karatu suna tuƙa keke mai ƙafa uku, in ce nawa fa, me gari zai ba su?

Amma kuma ina cin abincin rana a gidana kullum, abin da Habu ya ce rabonsa da shi tun yana saurayi. Daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan nakan je ta'aziyya bayan la'asar in dawo in samu jam'in magariba. Ranar da ɗana ya bi masu kiɗa ya ɓata, wani mai sayar da bandar kifi ne ya riƙo hannunsa har ƙofar gida, ya ce ya gane shi ta kunnuwa, irin na kakansa ne. Sai dai wannan sanin da ya dawo mini da ɗa, shi ne ke sa in ka sayo nama unguwa ta riga ka isa gida da labari. Kowane alheri na ɗaga sai in ga wahala manne da bayansa. Na yi makonni a haka. Ban ce wa Zainabu komai ba sai dai cewa Yaya Habu ya yi magana, ina dubawa.

Wata rana na dawo daga makaranta na ji gidan shiru. Na duba gefen madafa, sai na ga zagayen shaida a ƙasa inda turmi yake zama. Turmin ba namu ba ne, na maƙwabciyarmu ne Ya Falmata, wata dattijuwa Babarbariya. An aro shi lokacin sunan 'yarmu ta fari, Sadiya, bai kuma koma ba. Ya Falmata da kanta takan shigo gidanmu ta yi dakanta a ciki, tana yi tana faɗa da yara da Hausa, in sun ƙure ta ta juya Kanuri. Na tambayi Zainabu ina turmi. Ta ce ta mayar.

Ba shi kaɗai ba. Ta mayar da babbar tukunyar gidan Ba Modu, mai shagon ɗinki na bakin layi. Ta karɓo farantanta daga gidaje biyu. Ta ce wa malamar su Sadiya kada a sa sunan yarinyar cikin masu saukar karatu bana, ta kuma ba da haƙuri da aka sa ta cikin masu girkin wani biki da za a yi bayan Sallah. Ya Falmata kuwa tun ranar da aka kai mata turmin ba ta sake leƙowa ba. A unguwarmu, mayar da abin aro da ya daɗe ba tare da mai shi ya nema ba, ko dai sallama ce ko faɗa.

Na ce wa Zainabu ai ban yanke komai ba tukuna.

Ta ce, "Malam, shi ya sa. Ni ban ce mu tafi ba, ban ce mu zauna ba, ba a ma tambaye ni ba. Amma ba zan riƙe kayan mutane ban san ko ina nan watan gobe ba."

Na zauna a bakin ƙofar ɗaki na tambaye ta abin da take so. Ta amsa tana tsince shinkafa. Ta ce ta gaji da zafi, ta gaji da tsoron damina, kuma da Kano za ta zo mata har Umarari da ta yi murna. Amma lokacin da ta kwanta jinya, Ya Falmata ce ta yaye mata yaro, kuma ba ta san wadda za ta yi mata haka a gidan haya a Kano ba. Sannan ta ce, "In Kano ce, Kano. In nan ne, nan. Amma yaran nan kullum sai sun tambaye ni, ni kuma ba ni da amsa."

Ina yaro na ɗauka Kaka dariya take yi wa mutumin da ya kasa zaɓi. Da na fara girma na ɗauka yabon zama wuri ɗaya take yi. A ranar nan ne na ga cewa ba ta taɓa gaya mana garin ya fi ƙauye ko ya fi birni ba, kuma da na tambaya ta ƙi amsawa. Abin da take nuna mana shi ne matar da yaron, da abin da suke ciki muddin maigida na tsaye. Shi yana ganin bai yi komai ba tukuna, alhali gida ba ya iya jira. Matar Tanko ta kafa gida mijinta na aunawa. Tawa matar, saboda kunya da riƙon amana, ta fara kwance namu.

Na yi istihara. Ban yi mafarki ba, ban ga wata alama ba, ma'aunin ma bai karkata ba. Abin da na samu kawai shi ne ƙarfin ɗaukar waya. Na kira Habu na yi masa godiya, na ce ya ba wancan mutumin gurbin. Ya ce in sake tunani, na ce tunanin ne ya ishe mu. Na sani sarai akwai ranar zafi da zan yi nadama, kuma har yanzu in na ga motar Kano ta cika a tasha sai zuciyata ta motsa.

Na ce wa Zainabu ta aika a karɓo turmi. Ta ce a'a, ba aiken yara ba ne, ni zan je da kaina, da rana, kowa na gani.

Na yi sallama a gidan Ya Falmata bayan la'asar. Ta bar ni tsaye na ɗan lokaci kafin ta fito tana gyara lafaya. Ta gaishe ni da Kanuri ta ce, "Wushe, Malam. Kano ce ta ƙi ka, ko kai ka ƙi ta?" Na ce aron turmi na zo. Ta ce aro na kwana nawa? Na ce irin na da. Ta kalle ni daga hula har takalmi, ta ce jikokinta ba 'yan dako ba ne, ga shi can in zan iya.

Na naɗe hannun riga na ɗora shi a kafaɗa. Ban san yana da nauyi haka ba. Da na fito layi, mutanen da ke zaune ƙofar shagon Ba Modu suka bar hira suka zuba mini ido. Ba Modu ya cire zare daga baki ya ce, "Malam, tasha ta can baya ce, ka yi kuskuren hanya." Nauyin turmin ya hana ni juyawa. Ya Falmata na biye da ni da taɓarya a hannu, tana cewa in kula da kwata, in na fasa mata turmin uwarta ko Kano na gudu sai ta same ni.