Damin Riɗi a Babin Ƙarshe

Shekara goma sha biyu ina koyar da adabi a Madani, ba a taɓa ƙure ni a kan littafi ba sai a tsakar gidan aminiyata.

Tare muka yi makarantar horon malamai. Ita 'yar Gadarif ce, iyayenta manoman riɗi ne a Simsim. Lokacin da yaƙi ya iso Madani, mahaifiyarta tana can wajen neman magani. Aminiyata ta bugo mini waya, ta roƙe ni in taho da tsohuwar Gadarif a lorin da muka samu na gudun hijira. Na ce babu wuri. Ƙarya na yi, littattafaina na ɗora a wurin. Tsohuwar ta iso bayan mako uku a galabaice, ba ta ƙara tashi ba. Ni kuwa na shekara a Gadarif ina kewaye layinsu kamar mai tsoron kare.

Ranar da na yi ta maza na je, na ɗauki wani ƙagaggen labari na Larabci. Abokai biyu ne manoma, ɗaya ya ci amanar ɗaya ya gudu. Bayan damina uku ya dawo, ya tarar da damin riɗi jingine a bakin gona, abokin ya ajiye masa. Dabarata ita ce littafin ya roƙar mini gafara, ni in tsira da bakina.

Ta yi mini shimfiɗa a rumfa, ta dafa gahawa a jabana, 'yar butarsu ta gahawa. Ko zama ban gama ba na buɗe babin ƙarshe na karanta mata.

Na ce, "Kin ga damin nan, ya ukhti, 'yar'uwata? Alama ce. Marubucin yana nufin yafiya tana jira komai daɗewa."

"Riɗi? Damina uku?" Ta yi tsaki. "Wallahi mai littafin nan bai taɓa yankan riɗi ba. In ya bushe ba a kaɗe shi ba, kwanso ya fashe, tururuwa ta kwashe. Karare ya tarar."

Raina ya ɓaci sosai. Na ce mata ba darasin noma na zo yi ba, ai marubuci yana da damarsa. Na koma kan rijiyar da ta ƙafe a tsakiyar labarin, na ce amana ce ta mutu. Ta ce yasa ba a yi mata ba. Na jawo igiyar da aka ɗaure damin, na ce zumunci ne. Ta ce gara ta cinye ta tun daminar farko. Duk ƙofar da na buɗe sai ta rufe, tana juya cokali abinta. Na ji kamar in jefa littafin cikin garwashi.

"Ke dai ba kya son ki gane!" na ce.

Ta ajiye cokalin. "Halas, ya isa haka, malama, na gane. Tun hantsi kike nema wa mutumin takarda gafara. Ni uwata ta mutu. Kin shigo gidan nan, ko hannu ba ki ɗaga kin yi mata Fatiha ba."

A garin nan ko baƙon da ya zo wucewa, da Fatiha yake fara wa mai makoki. Na rufe littafin, na ɗaga tafin hannuwana biyu, na jira ta ɗaga nata. Na karanta har ƙarshe, nata suna kan cinyarta.