Katakon Zaman Kashe Wando

Ina aji biyu a makarantar koyon aikin injiniya a Kano aka fara koya mana lissafin katakon rufi: ka bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, ka gano wane katako ake ja, wanne ake dannewa. Kaina ya kumbura. Na dawo hutu Kura ina jin ko gadar kanal ɗin noman rani ba ta fi ƙarfina ba.

Na tarar Baba yana kafa rumfar ajiyar albasa a bakin gonarmu. Duk noman ranin shekarar a ciki zai zauna, ita kuwa albasa in ruwa ya taɓa ta sai dai a kwashe a zubar. Kawuna kafinta, ƙanin mahaifiyata, shi ke haɗa rufin.

Na zauna a kan buhu na zana rufin, na hau lissafi. Wani gajeren katako da ya tokare tsakiyar rafta, dogon katakon da ke ɗauke da rufin, ya ba ni sifili. Na sake, sifili.

"Kawu, wannan zaman kashe wando yake yi. Ba ya ɗauke da komai, a cire shi."

Ya zare ƙusa daga bakinsa. "Injiniya, a takardar taka akwai iska?"

Babu. Nauyin kwano kawai na saka. Amma girman kai ya hana ni amsawa, na ce ai lissafi ba ya ƙarya. Har Baba ya fara karkata wajena. Kawu ya ƙara wa katakon ƙusa biyu.

Hadarin farko ya taso da la'asar, iska ta biyo gonaki ba abin da ya tare ta. Muna cikin rumfar ina jin rafta tana kuka, tana neman lanƙwashewa daidai inda katakon nan ya tokare ta. Rumfunan maƙwabta biyu sun yaye. Albasarmu ko ɗigo.

Washegari na sake lissafin, na sa iska a ciki, sifilin ya ɓace. Na kai wa Kawu takardar cike da kunya. Ya jujjuya ta, ya ce, "Madalla," ya ƙunshe ƙusoshi a ciki.

Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da maganar a gaban Baba ba. Na gode masa da rufin kwanon, amma rufin asirin nan shi ne ba zan iya biya ba.