Ni da Abokin Ɗakina a Mashigin Iska

Ana sallame sallar asuba muka rufe ɗakinmu a unguwar Hay el-Sabi' ta Alƙahira, ni da abokin ɗakina, muka nufi tashar motocin Sinai. Ni na shirya tafiyar nan tun bara, amma ranar ban so zuwa ba. Sati guda kafin nan aka fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin digiri na biyu. Tare muka nema. Sunansa ya fito, nawa babu.

Motar ta bi ramin da ke ƙarƙashin ruwan Suez, ta miƙe gefen teku. Sau huɗu aka tsayar da mu duba fasfo. A Ras Sudr muka ci ful da ɗa'amiyya, wato wake da ƙosansu, kusan ninkin farashin Alƙahira, ga shayi kamar wankin kofi. Duk inda aka tsaya sai wayarsa ta yi ƙara, ana yi masa barka. Ni kuwa na kafa wa taga ido, kamar dabinon Wadi Feiran ne ya dame ni.

Mun kwana a garin Sant Katrin, washegari mota ta sauke mu a ƙauyen Sheikh Awad, bakin Naƙb el-Hawa, wato Mashigin Iska. Ba a shiga duwatsun nan sai da ɗan jagora Badawi, Balaraben dajin wurin. Namu dattijo ne siriri mai sanda. Ya ce kafin a yi kwalta, ta nan masu ziyarar Dutsen Ɗur suke hawa, raƙuma ma da ƙyar. Har yanzu akwai shimfiɗaɗɗun duwatsun da mutanen dā suka jera a hanyar.

Mashigin kwari ne tsakanin jajayen duwatsu biyu masu tsayin gaske, hawa ne a hankali amma ba ya ƙarewa, iska tana busowa ta tsakiya har cikin ƙashi. Na sayi sabon takalmi don tafiyar, na karanta tarihin wurin. Mutumina da tsohon kambas ya zo, bai karanta komai ba, amma yana tsallake duwatsu kamar akuya. Kafin awa guda dattijon ya fara kiransa ɗan dutse, suna ta dariya a gaba. Ni ina baya ina haki, takalmin ya sale mini dunduniya. Na ce a raina, har nan ma shi?

Da muka kai matsatsin kwarin, ƙafata ta ƙi. Ya dawo, ya saɓa jakata a kan tasa.

"Ajiye min kayana," na ce. "Komai sai kai ne gwani?"

Ya tsaya yana kallona. "Malam, jakar ce, ko gurbin?"

"Gurbin ne. Wallahi tun ranar ban iya yi maka murna ba."

"Na sani. Sati guda in na kawo abinci kana cewa ka ƙoshi. Ma'alish, ba komai. Yalla, tashi, rana na yi."

Bai ba ni jakar ba. A saman, inda filin Raha ya buɗe a gabanmu, dattijon ya dafa mana shayi da habaƙ, wata na'a-na'ar dutse. Ya miƙa wa abokina kofin farko. Wannan ma sai da na ji shi a raina.

Mun dawo Alƙahira ranar Juma'a, ƙafata a naɗe. Ba zan yi muku ƙarya in ce na baro hassadar a kan dutse ba, tare muka hau mota. Abin da na koya shi ne idan ka faɗe ta da bakinka a gaban mai ita, ƙarfinta yana raguwa. Jiya na raka shi yin rajista, na riƙe masa layi awa biyu. Da aka buga masa hatimi na ce Allah Ya sanya albarka, kuma wannan karon rabin zuciyata ta ce amin.