Gayyar Malam Habu da Ba Wanda Ya Je

Ina gona muna cirar gyaɗa wayata ta yi ƙara. Hajara ce, 'yar Malam Habu, malaminmu na firamare. Ta ce, "Yaya, Baba ya cika." Na zauna a kan kunya ina ta salati.

Malam Habu ne mutum na farko a ƙauyenmu da ya san intanet. Lokacin sai a birni ake samunta, a shagunan da ake biya a zauna gaban kwamfuta. Duk Asabar zai hau motar Minjibir zuwa Kano, ya dawo da labarin Amurka ya baje mana a aji. A bakinsa muka ji cewa can ma ana rigimar ƙirga ƙuri'a har gaban kotu, ana tuhumar shugaban ƙasa a bainar jama'a, mawaƙi ya zagi gwamnati ya kwana a gidansa. Yakan ce, "Su ma mutane ne. Suna noman masara, suna ƙarya, suna nadama."

Irin wannan maganar ce ta jawo masa. Da Amurka ta kai yaƙi ƙasashen Musulmi, sai ya faɗa a majalisa cewa ya ga hotunan Amurkawa cike da titi suna zanga-zangar ƙin yaƙin. Shi ke nan, aka ce an saye shi. Daminar shekarar ya kira gayya, aka dama fura, aka tuƙa tuwo, ko mutum ɗaya bai zo da fartanya ba. Ya yi nomansa shi kaɗai, ya aika da tuwon zuwa gidajen waɗanda suka ƙi zuwa. Ya ce, "Abinci bai yi laifi ba."

Abin da ya ƙona min rai shi ne zaman makoki. Waɗanda suka ƙaurace masa ga su nan kan tabarma, kowa da waya a hannu, suna gardamar zaɓen Amurka kamar can aka binne cibiyarsu. Wani har da murmushi ya ce, "Allah ya jiƙan ɗan Amurka." Ba wanda ya buɗe baki ya ce an zalunci Malam.

Da na shiga cikin gida gaisuwa, Hajara ta ja ni gefe. "Yaya, don Allah faɗa min gaskiya. Tun ina yarinya nake ji. Wai Turawa ne suke biyansa?"

Matar aure da 'ya'yanta, ashe da wannan ta girma. Na rantse mata ƙarya ce. Ta kalle ni kamar ba ta gamsu ba, ta koma wajen mata.

Allah ya jiƙan Malam Habu, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri. Ya Allah, ka sa Hajara ta yarda da rantsuwata, tunda garin nan ya hana ta yarda da mahaifinta yana raye.