Ranar da Aka Haska Ƙafar Ƙanwata a Bango

Ƙanwata ta yi ɓari sau uku kafin a gano abin da ke damunta. Bayan na ukun ne ƙafarta ta hagu ta kumbura tun daga gwiwa har idon sawu, ta ɗau zafi, fatar tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Daga baya gyambo ya fashe a gefen idon sawun, ya ƙi warkewa. Malamar firamare ce a Unguwar Dosa. Ta koma koyarwa a zaune da ƙafa bisa benci, daga nan ma ta daina zuwa. Mijinta yana aiki a wata jiha, sai ƙarshen wata yake leƙowa, don haka ni ce mai kai ta asibiti idan na samu na zille daga ofis.

Mun sha yawo kafin a haɗa mu da wani likitan jini, wanda aka ce yana bincike a kan matan da ciki ba ya zama a jikinsu. Ya sa aka ɗebi jininta, bayan 'yan watanni aka sake ɗiba, sannan ya zaunar da mu.

"Hajiya, kowane jiki yana da sojojin da ke kare shi daga cuta," in ji shi. "Naki wasunsu sun rikice, sun juya suna faɗa da jikinki. Shi ya sa jininki ke saurin daskarewa a jijiya. Gudan jini ne ya toshe ƙafar nan, shi ne kuma ke tare hanyar da abinci ke isa ga abin da ke cikinki."

Ta yi kuka a ranar, kukan samun sauƙi, domin har wajen masu ruƙiyya dangi sun kai ta. Ya ɗora ta a kan maganin tsinka jini, kumburin ya fara saɓewa. Duk zuwan da muka yi sai ya zaro waya ya ɗauki hoton ƙafar, da cinyarta inda fatar ta yi wani zane-zane kamar raga, da ƙurajen da suka feso mata a kumatu. Ya ce don ya riƙa bin yadda take samun sauƙi ne. Ba mu kawo komai a ranmu ba.

Wata rana ya ce za a yi taron wayar da kai a kan wannan cuta a wani otal a Unguwar Rimi, yana so ta zo ta saurara, ta san ba ita kaɗai ba ce. Ta yi murna ƙwarai. Ta ciro atamfar da ta ɗinka da sallah, ta sa 'yan kunnenta na zinari, ta ɗaure gyambon da sabon bandeji.

Zauren cike yake da likitoci da nas-nas da ɗalibai da manyan ma'aikata. Manyan baƙi sun makara, da suka zo kuma suka cinye safiyar da gaishe-gaishen juna. Kafin a kai ga likitanmu azahar ta kawo jiki, sai aka fara raba shinkafa da kaza a robobi, aka ce a riƙa ci ana saurare. Aka rage fitilu, aka kunna majigi.

Da farko zane-zane ne da rubutun Turanci. Ina cikin ɓare murfin robata ƙafar ƙanwata ta bayyana a bango, ta fi tsawon mutum, gyambon a buɗe yana naso, gefensa ya yi baƙi. Hoton da ya biyo baya cinyarta ce, har da bakin siket ɗinta na ciki. Na uku fuskarta ce. An ja wani siririn baƙin layi a kan idanun, amma ga tabon haɓarta da ta samu tun muna yara, ga kuma 'yan kunnen da ke kunnenta a wannan lokacin.

Likitan yana riƙe da makirfo yana zuba bayani cikin nishaɗi. Ya faɗi shekarunta, ya faɗi aikinta, ya lissafa ɓarin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya juya harshe zuwa Hausa ya ce, "Kafin ta zo hannunmu, sai da aka gama yi wa aljanu wa'azi tukuna." Zauren ya ɗau dariya.

Wani mai babbar riga da ke kusa da ni yana tsotsar ɓargon ƙashin kaza, maiƙo har gemunsa. Ya ɗaga waya da hannun da ya yi dama-dama da mai ya ɗauki hoton bangon, ya ce wa abokinsa, "Tir! Wannan ƙafa ai ta ruɓe. Ana cin abinci za a nuna mana wannan ƙazanta?" Ya ci gaba da tauna. Na ture robata ƙarƙashin kujera. Na dubi ƙanwata. Ta ja mayafi ta rufe kunnuwanta, ta kafa wa cinyarta ido.

Na zaci an gama. Sai na ji likitan ya ce, "Kuma abin farin ciki, tana tare da mu a nan. Hajiya, daure ki miƙe a gan ki."

Na riƙe mata hannu na ce kada ta tashi. Amma duk kawuna sun riga sun juyo, ita kuma mace ce da ba ta iya ƙin maganar babba a gaban mutane. Ta miƙe. Aka yi mata tafi. Mai babbar rigar ya dube ta tun daga sama har ƙasa, bai ko sunkuyar da kai ba, ya tofar da guntun ƙashi a tafin hannunsa.

Da aka tashi, jama'a suka yi bakin ƙofa ana turereniya a kan jakunkunan taro da ragowar robobi. Wasu ɗalibai suka kewaye mu. Ɗaya ya durƙusa, ko sallama babu, ya kai hannu zai ɗage mata zani ya ga ƙafar. Na make hannun, na ja ta muka nufi likitan.

Na ce, "Likita, wa ya ba ka izinin nuna tsiraicinta a gaban maza?"

Ya yi mamaki da gaske. "Haba Hajiya, ai an rufe idon. Ilimi ne. Mata nawa za su tsira saboda abin da aka gani yau?"

"Ka tambaye ta?"

"Ai ta san ina ɗauka."

Kafin in sake magana aka ja shi zuwa hoton manyan baƙi, ya tafi yana gyara hula.

A mota warin kaza ya bi mayafina, sai da na sauke gilasai duka. Na ce mata daga yau mun bar shi, za mu nemi wani. Da muka kusa gida ta juyo ta dube ni.

"Yaya, mu koma wajen wa? Shekara nawa ana ɗura mini maganin maleriya da taifot? Shi kaɗai ya san cutar nan."

Gaskiya ta faɗa, wannan ya ƙara ƙona mini rai.

Ta koma. A zuwanta na gaba ya zaro waya kamar yadda ya saba, ta ce masa, "Likita, ajiye wayar nan. Duba da idonka." Ta ce ya ɗan yi turus, ya mayar da ita aljihu, bai kuma ba ta haƙuri ba. Da ta samu ciki ya canza mata magani zuwa allurar da take yi wa kanta kullum a fatar ciki, har wurin ya yi tabo baƙi-baƙi. Cikin ya zauna. Ta haifi mace, 'yar mitsitsiya, kafin lokaci, amma lafiya lau.

Har yanzu ni ke kai ta ganinsa. Na san albarkacin iliminsa yarinyar nan ta zo duniya da rai, ba na musun wannan. Sai dai tun ranar ban sake taka ofishinsa ba. Ina ajiye mota a inuwar darbejiya, in karɓi yarinyar, mu zauna mu jira uwarta ta fito.